Yadda ake kula da mai masassara a gida kafin a kai shi asibiti

Masassara wuta ce da jiki ke hura wa kansa da gangan. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai ɗan wuri, haifotalamas, da ke riƙe zafin jiki kusa da digiri 37. Idan ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini kan saki sinadaran da ke sa wurin nan ya ɗaga ma'auninsa zuwa 39 ko 40. Daga nan 37 ta zama sanyi a wurin jiki: jijiyoyin jinin fata su tsuke, hannu da ƙafa su yi sanyi, tsoka ta kama karkarwa don ta ƙara zafi. Shi ya sa yaro ke kukan a lulluɓe shi ko da a zafin Afrilu na Maraɗi. Idan ma'aunin ya sauko, jijiyoyin su buɗe, gumi ya keto, jiki ya huce.

Da farko a auna, kada a dogara da tafin hannu. A share hammata ta bushe, a sa kan ma'aunin zafi a tsakiyarta, a matse hannu har ma'aunin ya yi ƙara. Daga 37.5 a hammata masassara ce.

Sannan a duba matakin da mai jinya yake. In yana karkarwa, zane ɗaya mara nauyi ya isa. Bargo biyu zafi kawai za su tara masa. In fata ta ɗauki zafi, a rage tufafi, a kwantar da shi inda iska ke shiga. Ruwan randa mai sanyi ko na ƙanƙara kuskure ne da ake yawan yi: fata na jin sanyin sai jijiyoyi su ƙara tsukewa, karkarwa ta dawo, zafin cikin jiki ya hau. In za a shafa jiki, da ruwa mai ɗumi.

Farasitamol da nauyi ake ba da shi: miligiram 15 ga kowane kilo, bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150, wato kusan mililita 6 na maganin ruwa mai miligiram 120 a cikin mililita 5. A karanta kwalba, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma wuce kima na lalata hanta. Asfirin ba na yara ba ne. A yawaita ba da ruwa da kunu, mai shan nono kuma a ƙara masa nono.

Amma farasitamol ma'aunin ƙwaƙwalwa kawai yake saukarwa, ba ya taɓa ƙwayar cutar. A nan Maraɗi, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, duk masassara a je a yi gwajin jini na yatsa don zazzaɓin cizon sauro cikin awa 24. Kwana biyu na jira kan kai ƙaramin yaro ga ƙarancin jini mai tsanani.

Ba a kwana da jariri ɗan ƙasa da wata 3 mai zafin jiki. Haka mai sanƙarewar wuya, musamman da rani lokacin sanƙarau, da wanda ya ƙi nono, ko yake amayar da komai, ko ba ya farkawa sosai. In yaro ya kama jijjiga, a kwantar da shi a kan gefensa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa jiƙo, don zai iya shaƙewa. A nufi asibiti da shi nan take.

Wanda ya faɗi a gona ko kasuwa da tsakar rana, jiki zau, hankali a gushe, lamarinsa daban ne. Ma'aunin ƙwaƙwalwarsa bai motsa ba, rana ce ta fi ƙarfin gumi, don haka farasitamol ba zai yi komai ba. Shi kam a kai shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a yi ta fifita har a isa asibiti.