Yadda za ki riƙe ɗan'uwan da shaye-shaye ya karya

Ƙanena ya yi shekara huɗu yana shan kodin da tiramol. Ko bayan gwamnati ta hana kodin a 2018, bai taɓa rasa mai sayar masa ba a unguwarmu ta Mabera. Yau tela ne, kuma shi ke kaɗa ganga a majami'armu ranar Lahadi. 'Yar'uwa, in naki yana cikin wannan hali, ga abin da na koya.

Ki fara da addu'a, ki kira sunansa a gaban Allah kullum da asuba. Ni Irmiya sura 18 na riƙe: tukunya ta lalace a hannun magini, bai yar da yumɓun ba, sai ya sake gina wata da shi. Da na karanta sai in ce, "Ya Ubangiji, yumɓunka ne, har yanzu yana hannunka." Akwai watannin da iyakar abin da bakina ya iya faɗa ke nan.

Amma kada ki kai maganarsa gaban dukan Zumuntar Mata. Na yi wannan kuskuren, labari ya zaga, ya yi wata biyar bai tako gidana ba. Fasto da dattijuwa ɗaya mai riƙe sirri sun isa.

Ki kai shi asibiti. Wasu za su ce rashin bangaskiya ne, ban yarda ba ko kaɗan, wa ya ba likita sani in ba Allah ba? Mu asibitin ƙwaƙwalwa na Kware muka je. Kuɗi kuwa kada ki damƙa masa a hannu. In yunwa ce, ki zuba masa tuwo.

Zai iya komawa ruwa. Nawa ya koma sau biyu. Na biyun ya shigo da dare, idanu jawur, rigarsa duk ƙura, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, na sake." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na tuna Bitrus, wanda ya yi musun Yesu sau uku, Yesu kuma ya ciyar da shi gasasshen kifi a bakin teku kafin ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa. Na ɗumama masa miya, magana sai da safe.

Da ya fara murmurewa, ki nema masa sana'a, don zaman banza ke mai da su wurin tsofaffin abokai. Keken ɗinkin mahaifiyarmu na ba shi, wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin gado.