Ruwan zafi ko na sanyi: matakan wanki a Legas

1. Kafin ki ɗebi ruwa, duba ɗan ƙyallen da ke wuyan rigar. Lambar da ke cikin hoton baho ita ce iyakar zafin da kayan zai jure: 30, 40 ko 60 a ma'aunin Salshiyas.

2. Atamfa, leshi da shadda mai rini, ruwan sanyi ya ishe su. Zafi yana sa su zuba.

3. Tawul, zanen gado, kamfai da kayan mara lafiya kuwa sai 60, don shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ba injin wanki? Haɗa tafasasshen ruwa da na famfo rabi da rabi, zai kai wajen haka. Ki jiƙa kayan da omo, ki juya da sanda, kar ki tsoma hannu sai ya huce.

4. Tabon jini, ruwan sanyi tukuna. Zafi dafa shi yake yi ya kama zare.

5. Ki shanya nan take. Da damshin Legas, balle a ruwan watan Yuni, kayan da suka kwana a bokiti sai wari da fumfuna. In rana ta ƙi fitowa, kunna musu fanka, sannan ki bi da guga.