Yadda Za Ka Rarrabe Kalmomin Ƙi, Turjiya Da Saɓo A Turanci Da Larabci

Na daɗe ina duba rubutun masu koyon Turanci da Larabci, kuma kusan a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Bahaushe yana da kalma guda, "ƙi", da yake ɗora wa kaya iri-iri: ya ƙi zuwa, ya ƙi kyauta, ya ƙi jin magana, ya ƙi amsa laifinsa, ciwo ya ƙi magani. Sai ɗalibi ya buɗe ƙamus, ya tsinci refuse a Turanci da rafada (رفض) a Larabci, shi ke nan ya yi ta cusa su ko'ina. Ba zan tsaya kan yadda ake sarrafa fi'ili ba, na ɗauka ka wuce nan.

Abu na farko, kada ka taɓa ƙamus sai ka tambayi kanka: me ake ƙi? Aiki ne, ko tayi, ko zargi, ko umarnin na gaba, ko kuwa wani ƙarfi ne da ke danno mutum yana tokarewa? Amsar nan ita ce ke zaɓa maka kalma, ƙamus tabbatarwa kawai yake yi.

Daga nan sai ka zauna sosai a kan bambancin refuse da deny, don a nan ni ma na sha kashi. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini wasiƙar ƙorafi in juya masa Turanci. Abin da ya ce shi ne abokin cinikinsa ya ƙi biyansa. Na rubuta he denied the debt, har ina ganin na iya. Da amsa ta dawo, sai aka nemi ya kawo shaidar cewa akwai bashin, alhali wancan bai taɓa musun bashi ba, biya ne dai ya ce ba zai yi ba. Mutumin nan ya kwashe kwanaki yana tattara takardun da ba a bukata saboda kalma ɗaya tawa, kuma har yau abin yana damuna. Refuse ƙin aikatawa ne, kuma kalmar Turanci "to" ke bin sa: he refused to pay. Deny musantawa ne, kuma ba ya ɗaukar to a wannan ma'ana, sai dai ka ce he denied taking it. Duk inda ka ga ka rubuta denied to pay, goge shi.

Larabci ya sauƙaƙa mana wannan, domin kalmar tana bakinmu tuntuni. Ankara (أنكر) shi ne ya musanta, kuma daga gare shi muka samo "inkari". Saboda haka gwajin da nake ba kowa shi ne: in za ka iya sa "ya yi inkari" a jimlarka ta Hausa ma'ana ba ta ɓaci ba, to deny ne, ankara ne. In ba ta zauna ba, koma wa refuse da rafada. Akwai tarko ɗaya da ya rage: deny yana kuma nufin hanawa, kamar he was denied entry, an hana shi shiga. A nan Balarabe mana'a (منع) zai ce, ba ankara ba.

Mataki na gaba shi ne nauyin baki. Reject watsi ne da abu, suna yake ɗauka kai tsaye, kuma yana da kaushi: an yi watsi da shawara, an yi watsi da takardar neman aiki. Decline kuwa ƙi ne cikin ladabi. In an gayyace ka taro, ko an yi maka tayin aiki, decline za ka rubuta, ni ba na yarda ɗalibina ya sa reject a irin wannan wasiƙa. Rafada yana ɗaukar refuse da reject duka, amma mai ladabi a Larabci yakan kauce masa ya ce i'tazara anil huduri, wato ya ba da uzurin rashin halarta. Sai imtana'a (امتنع), wanda galibi harafin Larabci "an" (عن) ke bin sa, ma'anarsa kame kai daga yin abu. Shi kake ji a labaran Majalisar Ɗinkin Duniya idan ƙasa ta ƙi kaɗa ƙuri'a, imtana'at anit taswiti, abin da Bature ke kira abstain.

Aba (أبى) kuma daban yake, ƙi ne da ke fitowa daga zuciya, da girman kai ko da kishin mutunci. Duk wanda ya yi karatun Alƙur'ani ya san shi daga aya ta 34 a Suratul Baƙara, inda aka ce Iblis "aba wastakbara", ya ƙi kuma ya yi girman kai. Amma ka lura, idan "illa" ta biyo shi ma'ana takan juye ta koma dagewa. A Suratut Tauba, aya ta 32, "wa ya'ballahu illa an yutimma nurahu" na nufin Allah bai yarda da komai ba sai cika haskensa. Na sha ganin masu fassara labari sun ɗauki aba illa a matsayin ƙin yi, alhali mutumin cewa ya yi lallai sai ya yi.

Yanzu saɓo. Disobey da asa (عصى) ba sa zama sai akwai wanda ke da ikon ba da umarni: iyaye, shugaba, doka, Ubangiji. Ba ka disobey abokinka, ƙin bin shawararsa kawai kake yi. Kuskuren da ya fi yawa a nan daga Hausa yake tasowa. Muna cewa "saɓa wa", sai hannu ya rubuta disobey to, alhali kalmar ba ta bukatar komai tsakaninta da wanda aka saɓa wa, haka ma asa. Wajen rubutu kuma kada ka haɗa عصى, ya saɓa, da عصا, sanda, furucinsu ya yi kama amma harafin ƙarshe ya bambanta. Defy saɓo ne a bainar jama'a, da gangan, ido cikin ido.

Resist da ƙawama (قاوم) su ne turjiya. Saiwar kalmar Larabcin ita ce ta tsayuwa, kuma awonta, wato sigar da aka gina ta a kai, na nuna ɓangarori biyu ne ke tokarar juna. Shi ya sa muƙawama take aiki a kan mamaya, a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, har da turjiyar waya ga wutar lantarki, daidai yadda resistance take yi. Tawaye kuma rebel against ne, tamarrada ala. In sojoji ne ko ma'aikatan jirgin ruwa suka juya wa shugabanninsu baya, mutiny ake cewa.

Ba sai ka sayi wani ƙaton littafi ba, ɗan littafin rubutu ya isa. Ɗauki labari ɗaya ka juya shi da kalmomin duka. Ni na fi son na Rosa Parks: ranar 1 ga Disamba, 1955, a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka, ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a bas, nan refused da rafadat. Ta saɓa umarnin direba, disobeyed da asat. Ta fito fili ta ƙalubalanci dokar wariyar launi, defied da tahaddat. Baƙaƙen fatar garin suka ƙaurace wa bas-bas sama da shekara guda, boycott da muƙaɗa'a. In ka gama, gwada tattakin gishirin da Gandhi ya jagoranta a Indiya a 1930, can za ka samu civil disobedience, wato isyan madani.

Kowane fi'ili ka rubuta shi tare da harafin da ke bin sa, kada ka haddace shi tsirara. A gefensa ka sa kishiyarsa: accept da ƙabila gaban refuse, admit da i'tarafa gaban deny, obey da aɗa'a gaban disobey, surrender da istaslama gaban resist. Bayan mako guda ka rufe shafin, ka sake rubuta labarin Rosa Parks da ka.