Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bibiyar Kakar Kiɗan Kwatet, da Yadda Ake Gyara Su

A biranen Turai da Amurka kakar kiɗa kan fara a watan Satumba ko Oktoba, ta kai har Mayu ko Yuni. A cikin jadawalin kowace kaka ba a rasa daren kwatet, wato makaɗa huɗu masu kayan tsirkiya: bayolin (gogen Turawa) biyu, biyola (ta ɗan fi bayolin girma) ɗaya, celo (babba mai kaurin murya) ɗaya. Babu mai riƙe da sanda a gabansu, babu mawaƙi, babu ganga, yawanci ma babu lasifika. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Landan da Balin da Faris suna wuce ƙofar irin waɗannan zauruka kullum, waɗanda ke gida kuma intanet ta kawo musu shi har ɗaki, domin zauren Wigmore Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1901, yana watsa wasu wasanninsa kai tsaye. Mutane da yawa sukan gwada sau ɗaya su ce abin bai shige su ba. Sau da yawa kuwa ba kiɗan ne da laifi ba, 'yan kurakurai ne da ake yi wajen sauraro da wajen zaɓe, kuma duk suna gyaruwa.

Mafi girma a cikinsu shi ne neman jagora. Kunnenmu ya saba da makaɗi a gaba da 'yan amshi a baya, saboda haka da an fara sai mu kama mai bayolin na farko mu bi shi, sauran ukun mu ɗauke su 'yan rakiya. Wanda ya yi haka ya ji kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta. Kwatet hira ce tsakanin muryoyi huɗu, kowacce da nata zancen. Wani ya fara magana, wani ya karɓe, wani ya musa, wani ya yi ƙasa da murya yana jiran lokacinsa. Daɗin yana cikin wannan miƙa-miƙar.

Gyaran wannan kuskure atisaye ne na kunne, kuma akwai kiɗan da kamar don shi aka tsara shi. Ka nemi kwatet na Joseph Haydn mai lamba Op. 76 na 3 (Op. lambar jerin ayyukan mai tsara kiɗa ce), na shekarar 1797, ka tafi babi na biyu, wato kashi na biyu na kiɗan. Karin da za ka ji ba baƙo ba ne ga mai kallon ƙwallo, shi ne karin taken ƙasar Jamus na yau. Bayan an kaɗa shi sau ɗaya, Haydn ya maimaita shi sau huɗu ba tare da ya taɓa ainihinsa ba: bayolin na biyu ya riƙe shi, sai celo, sai biyola, sai ya koma hannun bayolin na farko, sauran kuma kowane zagaye suna yi masa sabon ado. Ka saurara sau ɗaya kana bin karin daga hannu zuwa hannu. Ka sake saurara kana ƙin binsa, ka bi adon kawai. Daga nan ka gwada kwatet na Antonín Dvořák da ya rubuta a ƙauyen Spillville na jihar Iowa a 1893, inda biyola ce ke buɗe zancen, bayolin biyu suna yi mata shimfiɗa. Biyolar nan ita ce aka fi mantawa da ita, muryarta tana tsakiya, ba siririya ba ba kauri ba, kuma ranar da kunnenka ya iya tsinto ta, ka shiga cikin hirar.

Kusa da wannan akwai sauraro ta lasifikar waya. Tsirkiyar celo mafi kauri tana girgiza kusan sau 65 a daƙiƙa, ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, sai makaɗi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya. Ka sa abin sauraro na kunne mai kyau, ka zaɓi bidiyon da ake ganin su huɗun tare.

Sai kuskuren da ya fi damuna, domin shi ne ke rage wa mutum rabin ribar kakar: duba jadawali a zaɓi daren Mozart da Beethoven da Schubert, a tsallake duk daren da ke ɗauke da sunan mai tsara kiɗa da ke raye. Wasu ma sukan shiga su ji tsohon, da an yi hutun rabin lokaci su fice don kada sabon ya same su. Masu shirya kaka ba da ka suke jera kiɗa ba. Sun sa sabo kusa da tsoho ne don kowanne ya haska ɗaya. Caroline Shaw, Ba'amurkiya, ta rubuta Entr'acte a 2011 bayan ta ji rukunin Brentano sun kaɗa kwatet na Haydn mai lamba Op. 77 na 2. Ta ɗauki siffar babin rawa na Haydn ta bi ta da ita wasu hanyoyi, har wani wuri sautin kan narke ya zama shafar baka, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, a kan tsirkiya kawai, sannan ya dawo. Wanda ya ji su biyun a dare ɗaya zai fahimci Haydn fiye da wanda ya tsaya a Haydn shi kaɗai.

Ya kamata mai gudun sabon kiɗa ya tuna abin da ya faru a Biyana ta ƙasar Ostiriya a watan Maris na 1826. Rukunin Schuppanzigh ya kaɗa sabon kwatet na Beethoven, Op. 130. Jama'a suka so babukan tsakiya har suka nemi a maimaita biyu daga ciki, amma babin ƙarshe, wanda ake kira Grosse Fuge, ya gagare su, suka ji shi kamar rikici. Mai buga takardun kiɗan ya roƙi Beethoven ya rubuta wani ƙarshen mai sauƙi, ya yarda, aka ware wancan aka ba shi lamba Op. 133. Yau wannan babin da aka ƙi yana cikin abubuwan da ake gwada ƙwarewar rukuni da su. Ba ina cewa duk sabon kiɗa zai zama haka ba, da yawa za a kaɗa su sau ɗaya a manta. Amma babu mai sanin wanne ne zai rayu sai an zauna an ji, kuma masu zama a zauren su ne alƙalan farko. Gyaran mai sauƙi ne: a duk tikiti uku da za ka saya, ɗaya ya zama na daren da ba ka san ko suna ɗaya a cikinsa ba.

Idan an zauna ɗin kuma, sai wani kuskuren ya biyo baya, a ɗauki baƙon sauti a matsayin tuntuɓen makaɗi. Ka ji tsirkiya ta yi ƙara kamar an tsinke ta, ka ce sun yi kuskure. A kwatet na huɗu na Béla Bartók, na 1928, babi na huɗu gaba ɗayansa da yatsa ake kaɗa shi, an ajiye baka, kuma a wasu wurare shi ya umarci a ja tsirkiyar sama a sake ta ta bugi katako. Wani lokaci za ka ga ana goga bakan daf da 'yar gadar da ke ɗauke da tsirkiyoyi don sautin ya fito da kaifi da sanyi, ko a juya bakan a buga da itacensa. George Crumb, a Black Angels na 1970, lokacin yaƙin Biyetnam, ya haɗa kayan da wutar lantarki, ya sa makaɗan su goga kofunan gilashi masu ruwa, su riƙa ƙirga lambobi da baki a harsuna daban-daban. Steve Reich kuma, a Different Trains na 1988, ya sa su kaɗa tare da muryoyin mutane da aka naɗa, cikinsu har da waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, kuma daga hawa da saukar maganarsu ya ciro karin kiɗan. Duk wannan a rubuce yake. 'Yar takardar bayanin da ake rabawa a ƙofa, ko jawabin da wasu zauruka kan shirya kafin a fara, suna gaya maka abin da ke tafe. Minti goma na karatu ya isa.

Akwai kuma masu kuskuren kishiyar wannan, masu zafin nama, waɗanda suka ji an ce kwatet ɗin Beethoven na ƙarshe-ƙarshe su ne ƙololuwa, sai su fara da su. Op. 131 babi bakwai ne a jere, kusan minti 40 babu tsayawa. Kwatet na 15 na Dmitri Shostakovich, na 1974, babi shida ne, dukansu a hankali, rubutun mutumin da ciwo ya ci ƙarfinsa. Sabon shiga da ya faɗa cikin waɗannan zai fito a gajiye. Ka fara da Haydn, wanda ya rubuta kwatet 68 kuma shi ya kafa tsarin babi huɗu da aka saba. Ka bi da Dvořák, sai na Maurice Ravel na 1903. Idan kana son shiga ƙarni na 20 da ƙarfi, ga kwatet na 8 na Shostakovich, wanda ya rubuta cikin kwana uku a 1960 kusa da Dresden, birnin da bama-bamai suka rusa a yaƙin duniya na biyu. Minti ashirin ne da 'yan kai, kuma sauti huɗun da ke buɗe shi, waɗanda ke wakiltar haruffan sunansa, suna dawowa a kowane babi, saboda haka kunne yana da abin riƙewa.

Maganar tafi ita ce ke sa mutane da yawa jin kunyar shiga zaure. Al'adar yau ita ce a jira sai an gama dukan babukan, domin shirun da ke tsakaninsu yana cikin kiɗan, makaɗan ma suna bukatarsa don su sake shiri. Ka duba takarda ka ƙirga babukan tun kafin a fara, amma kada ka dogara da ƙirga kaɗai, tunda wasu, kamar na 8 na Shostakovich, a haɗe suke. Ka kalli hannuwansu. Muddin baka yana sama, ba a gama ba. Idan sun sauke, kafaɗunsu sun saki, sun dubi jama'a, to bismilla. Wanda ya riga ya tafa a tsakiya kada ya ɗauka ya yi abin kunya, a zamanin Beethoven haka ake yi. Haydn ma da gangan ya ɗana tarko a ƙarshen Op. 33 na 2, na 1781, inda kiɗan ke tsayawa ya ci gaba, ya sake tsayawa, har mai sauraro ya rasa inda ƙarshen yake.

Abin da ba a yafewa shi ne waya. Zaure kamar Wigmore kujerunsa ba su wuce 550 da kaɗan ba, an gina shi don a ji numfashin makaɗi, saboda haka ko girgizar waya a aljihu tana kai wa kunnen maƙwabci. Ka kashe ta ɗungurum. Makara ma tana da tsada, don ba a barin kowa ya shiga sai an kai wurin tsayawa, wani lokaci sai hutun rabin lokaci. Wasannin dare kan fara wajen ƙarfe bakwai da rabi su ɗauki kusan awa biyu, da hutun kimanin minti 20, saboda haka ka duba lokacin Magariba da Isha na wannan watan tun kana sayen tikiti, domin a Turai lokutan suna sauyawa sosai tsakanin hunturu da bazara. Wasannin ƙarfe ɗaya na rana, masu awa guda babu hutu, sun fi sauƙi ga mai farawa.

"Ai na taɓa jin wannan" ma kuskure ne. Takardar ɗaya ce, amma saurin tafiya, nauyin baka, da wanda aka bari muryarsa ta fito, duk shawarar makaɗan huɗu ce, kuma sukan kwashe shekaru suna jayayya a kai. Rukunin Amadeus mutum huɗu ne da ba su taɓa sauyawa ba daga 1947 har 1987, da mai biyolarsu Peter Schidlof ya rasu sai suka rufe rukunin maimakon su ɗauko wani. Sautin da shekara 40 na zama tare ke haifarwa daban yake da na matasan da suka fito daga makaranta da wuta a hannu, kuma kowanne yana da abin da zai nuna maka. Idan kwatet ɗaya ya fito sau biyu a kaka a hannun rukuni biyu, ka je duka. Ka zauna inda za ka ga fuskokinsu, domin da ido da jan numfashi suke ba juna alamar shiga.

Na bar wa ƙarshe zaton cewa wannan fage na Turawa ne zalla, babu ruwan ɗan Afirka. A Turai aka haife shi, wannan gaskiya ne. Amma cikin waɗanda suka fara buga kwatet a Faransa, a 1773, akwai Joseph Bologne, wanda aka fi sani da Chevalier de Saint-Georges, haifaffen tsibirin Guadeloupe, ɗan wata baiwa baƙar fata. A 1992 rukunin Kronos na Amurka, wanda David Harrington ya kafa a 1973, ya fitar da faifan Pieces of Africa, da kiɗan Obo Addy na Gana, Foday Musa Suso na Gambiya, Dumisani Maraire na Zimbabuwe, Justinian Tamusuza na Yuganda, da Hamza El Din, ɗan ƙabilar Nuba, mazauna gaɓar Nilu tsakanin Masar da Sudan. Kiɗan Hamza, Escalay, yana kwaikwayon juyawar ƙafar ban-ruwa da shanu ke ja, kari ɗaya yana zagayawa yana ƙara kauri a hankali. A 2017 kuma Kronos suka yi faifai tare da Trio Da Kali na Mali. Wanda kunnensa ya ƙi Haydn a karon farko zai iya shigowa ta wannan ƙofar, sannan ya koma baya. Idan jadawalin kakar garinku ya fito, ka duba ko akwai irin waɗannan sunaye, ka kuma tambayi masu sayar da tikiti rangwamen ɗalibai da matasa da na mai sayen darare da yawa a haɗe, domin yawancin zauruka suna da shi.