Yadda mai tebur zai tsare jarinsa a Maraɗi

Ƙanena, in ka kafa tebur, ka nemi wuri guda ka zauna. Mai yawo yau unguwar Zariya gobe Sabon Gari, ba shi da wanda zai ce "ajiye, ba naka ba ne" in ya juya baya. Ka riƙa gaida mai shayi da mai faci na kusa da kai, ka san 'yan kabu-kabun bakin layinku da sunansu. In ka tafi salla su ne za su duba maka kaya, kai ma ka duba nasu.

Wajen kuɗi ne aka fi kuka. Gwangwanin kan tebur na canji ne kawai: dala goma, dala ashirin, dala hamsin. Takardar jikka biyar ko jikka goma aljihun ciki za ta shiga nan take, kuma kada ka tsaya ƙirga a gaban jama'a. Litinin da Juma'a, ranar da kasuwa ke ci, ka ƙara buɗe ido. Sau da yawa ɓarayi biyu-biyu suke zuwa, ɗaya ya riƙe ka da tayi, ɗayan hannunsa na cikin kaya. Wanda ya miƙo babbar takarda don sabulu ɗaya, ka karɓa tukuna, ka ɗaga ta ga haske, sannan ka ba da canji, ko da ya ce sauri yake.

Naira kuwa kada ta kwana gare ka, kai wa 'yan canji. Waɗanda suka tara tsofaffin takardu sun sha wuya a farkon 2023, da Najeriya ta sauya na 200 da 500 da 1000. Kafin magariba ka rage nauyi: zubin adashi, ko ka tura gida ta Nita ko Al Izza.

Tikitin ma'aikatar magajin gari, ka biya ka adana. Da dare kaya su kwana a shago mai ƙofar ƙarfe, kuma kada ka yi rowar kuɗin mai gadi. Lokacin hunturu ka nisanci mai kwalaben fetur da mai murhu. In wuta ta tashi, lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.

In kun kama ɓarawo, don Allah kada ka ɗaga hannu. Taron jama'a bai iya tsayawa, kuma wani lokacin yaron da aka nuna ba shi ba ne. Ku shigar da shi shagon wani dattijo, ku ja ƙofa, ku kira 'yan sanda a 17.