Kurakuran da samari ke yi wajen sayen keken hawan dutse da tsalle

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na kudancin Kano, wajen Rano da Kibiya har zuwa Tudun Wada, ya san keke tun kafin ya san babur. Raleigh da Phoenix na iyayenmu sun sha ɗaukar buhun masara zuwa kasuwa. Amma keken da samari ke nema yanzu, mai kaurin taya da giya, na bin hanyar duwatsu da tsallake ƙananan kwazazzabai, aikinsa daban ne. Na daɗe ina hawan irinsa ina kuma taya ƙannena gyara, kuma yawancin kekunan da ake kawo mini a karye, tun a kasuwa aka yi kuskuren.

Babbansu shi ne ruɗuwa da shoka biyu. Yaro zai shiga birni da ɗan abin da ya tara daga kakar gyaɗa ko albasa, ya ga keke mai ƙaton sifirin a tsakiya, ya danna sirdi ya ga yana lotsawa, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Ni ma da irinsa na fara. Mai shagon ya rantse mini cewa ko daga kan katanga na diro babu abin da zai same shi. Bai yi wata biyu ba gaɓar tsakiyar ta fara kaɗawa, ƙafar baya na lilo hagu da dama, ga nauyi kamar ana tura amalanke idan an zo hawan tudu. Abin da ya sa haka, shokar gaskiya ba sifirin kaɗai ba ce. Akwai mai a cikinta da ke rage saurin dawowarta bayan ta lotsa. Ta araha sifirin ne zalla, idan ka diro sai ta cilla ka sama kamar jaki ya yi tutsu. Keke mai shoka biyu na ƙwarai kuwa kuɗinsa ya yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa. Don haka ka nemi mai shoka a gaba kawai, bayansa sandararre. Kuɗin da aka ɓata a kan wancan sifirin, a nan ya tafi ne ga ƙarfin gangar keken da ƙafafunsa. Shokar gaba mai lotsawa milimita 100 zuwa 120 ta ishe ka. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas ko ka ga ƙafafun shokar na wasa, ka bar shi.

Sai abin da kusan babu mai dubawa, alhali shi ne ke yawan kwantar da keken mai tsalle: haƙoran giya na ƙafar baya. Iri biyu ne. Akwai firiwil, wanda ake murɗawa a jikin hob, wato cibiyar ƙafar, kamar murfin kwalba, akwai kuma kaset, wanda ake zurawa a ɗaure da zobe. A tsarin firiwil, boris ɗin ɓangaren sarƙa yana can ciki, ya bar wani tsawo na aksul, wato sandar da ƙafar ke juyawa a kanta, ba tare da madogara ba. Tafiyar kasuwa ba ta dame shi. Amma ka dinga dirowa a kansa, aksul ɗin zai lanƙwashe, wata rana ya ɓalle. Yawancin kekunan araha masu giya 18 ko 21 firiwil gare su. Shi ya sa nake jin takaici idan na ji yaro yana alfahari da yawan giya. Keke mai giya tara ko goma a kan kaset, da farantin sarƙa ɗaya tak a gaba, ya fi mai 21 amfani a daji, sarƙarsa ma ba ta yawan zamewa. In ba ka iya bambancewa da ido ba, ka tafi da mai gyaran keken garinku, ka biya masa kuɗin mota. Tun da kana wajen ƙafar, ka tambaya ko rim ɗin mai bango biyu ne, ka ƙirga wayoyin ƙafar su kai 32 ko 36, ka matsa su bibbiyu ka ji ko akwai sako-sako.

Kada sitika ta saye ka. Rubuta Shimano a jikin keke ba ya nufin Shimano ne ya ƙera shi. Kamfanin Japan ne da aka sani da giya da birki da sauran kayan keke, kuma sau da yawa abu ɗaya ne tak nasu a jikin keken, saura duk tarkace. Manyan kamfanoni irin su Trek da Canyon suna raba kekunansu rukuni 1 zuwa 5 bisa wani ma'auni na Amurka. Rukuni na 2 bai wuce dirowar santimita 15 ba. Na 3 yana ɗaukar tsalle ƙasa da santimita 61, na 4 kuma ƙasa da 122. Wato keken da za ka iya saya da kuɗin manomi, in ka yi dace, na rukuni na 3 ne: tsallen da bai wuce gwiwarka da yawa ba. Ka san wannan tun yanzu, kada ka kalli bidiyon Turawa a waya ka je ka gwada daga kan fā.

Wasu kuma suna ƙyamar gwanjo, su gwammace sabo fil a leda ko da na banza ne. A ganina tsohon Giant ko Trek ko Specialized da aka shigo da shi daga Turai ya fi sabon da ba a san asalinsa ba nesa ba kusa ba. Sai dai gwanjo yana son ido. Ka goge ƙurar, ka fito da keken rana, ka bi duk inda aka yi walda da yatsa, musamman wuyan keken inda shokar gaba ta shiga, da ƙarƙashin bututun da ya gangaro zuwa feda, da gindin sirdi. Layi siriri kamar gashi a jikin fenti, ko fentin da ya tattare wuri ɗaya, alamar tsagewa ce ko karo. Sabon fenti a wuri guda shi ma abin tambaya ne. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya kama, ƙarfe ne, in bai kama ba, galibi alminiyam ne. Bambancin yana da muhimmanci a ƙauye. Ƙarfe in ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi. Alminiyam kuwa wutar walda tana kashe ƙarfinsa, sai an sake gasa shi a masana'anta yake dawowa, kuma keken da ya tsage a wuya ba abin da za a ɗora rai a kansa ba ne ko waye ya liƙe shi.

Girma kuma, kada ka saya wa yaro babba wai zai girma ya cike shi. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sarari tsakaninka da bututun sama, sirdin kuma yana sauka ƙasa sosai lokacin tsalle. Ƙafa mai inci 26 ta fi sauƙin juyawa, tayarta da tiyub ɗinta kuma sun fi samuwa a wajenmu fiye da 27.5 ko 29.

A batun birki ina da ra'ayin da wasu abokaina ba su yarda da shi ba. Birkin faifai mai aiki da mai ya fi kowanne kamawa, wannan gaskiya ne. Amma ranar da ya yi yoyo kana Riruwai ko bayan Birnin Kudu, wa zai gyara maka? Na Shimano ma nasa man daban ne. Ka zuba masa man birkin mota, robobin ciki su kumbura ya lalace. Ga wanda ke nesa da birni, birkin faifai mai waya ya fi kwanciyar hankali, domin duk mai gyaran keke zai iya canza waya. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada mai ko giris ya taɓa faifan.

Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa raga wa siririyar taya, ga yashi a bakin rafi da rani. Ka nemi taya mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4 mai manyan haƙora. Kuskuren da ake yi shi ne a kai wa mai faci ya ɗura mata iska har ta yi tauri kamar dutse, sai keken ya dinga zamewa a kan tsakuwa. In kuma iskar ta yi kaɗan, kana dira rim zai cije tiyub ya huda shi wuri biyu. Ga mai matsakaicin jiki, wajen 30 zuwa 35 a agogon mai faci wuri ne mai kyau na farawa. Ka zaɓi tiyub mai bawul irin na babur, wanda kowane famfo ke shiga.

Kada kuma ka juye duk kuɗinka a kan keken ka dawo gida ba ko sisi. Ka ware na hular kwano tun kafin ka fara ciniki, wannan ba na sassauta wa kowa a kansa, har ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya sai da na ɓoye masa keke mako guda. Ka ware na feda mai faɗi da ke riƙe takalmi, domin ta roba mai santsi ita ke zame ƙafa a sama, ka kuma daina hawa da silifa. Sarƙa kuwa, baƙin man inji da muke shafawa yana tara ƙurar hunturu ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙora. Ka ɗiga man sarƙa kaɗan, ka juya feda, ka goge na waje da tsumma har sai ta daina baƙanta hannu.