Darasi na 9: Gyaran Takarda a Cikin Filash

Mutane da yawa sun mayar da filash ofishinsu. A cikinsa suke buɗe takarda, a cikinsa suke gyarawa, su zare su jefa aljihu. Ana yin haka a wanye lafiya sau da yawa. Ranar da ba a wanye ba ita muke magana a kai.

Wata ɗaliba a ajinmu, magatakardar ƙungiyar adashin unguwarsu, ta kai filash ɗinta shagon buga takardu don ta ƙara sunayen mata 4. Tana cikin adanawa aka ɗauke wuta, kwamfutar kuwa ta tebur ce, babu batir. Da aka tayar da janareta, sunan takardar yana nan daram, amma ta ƙi buɗuwa. Zubin wata 8 ne a ciki. Sai da ta bi mata gida-gida tana tambayar wa ta zuba, wa ta kwasa.

Ga abin da ya faru. Idan ka buɗe takarda da Word, yana ajiye wasu ƙananan fayiloli na wucin gadi a gefenta, ɗaya sunansa yana farawa da alamar ~$. Da ka danna adanawa, sai ya rubuta sabon kwafi, ya kawar da tsohon, sannan ya ɗora wa sabon sunan tsohon. Aikin bai wuce ƙiftawar ido ba. Amma idan wuta ta ɗauke a tsakani, ko yaro ya bangaji filash ɗin, ko ramin da aka soka shi ya saki, ana iya rasa tsohon ba a samu sabon ba. Yawancin filash da tsarin ajiye fayiloli mai suna FAT32 ko exFAT suke zuwa, kuma waɗannan ba sa rubuta inda aiki ya tsaya, kamar mai shagon da ba ya rubuta bashi.

Ka kuma sani, abin da ka goge a filash ba ya zuwa kwandon shara na Windows. Ya tafi ke nan.

Wasu za su ce maka yawan rubutu yana cinye filash. Haka ne, ƙwaƙwalwarsa tana da iyakar sau nawa za a rubuta a kanta, amma mai buga wasiƙa da lissafi da wuya ya kai can. Kafin nan an wanke shi a aljihun riga, ko ya faɗi a keke-napep. Na jabu ya fi ba ni tsoro: an rubuta gigabayit 64 a jiki, cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa karɓar kaya yana lalata su shiru.

To, yaya za ka yi? Ka soka filash, ka kwafe takardar zuwa kwamfuta, a can za ka buɗe ta. Kana aiki kana danna Ctrl da S tare don adanawa. Kada ka dogara da Word, don shi sai bayan minti 10 yake ajiye kwafin ceto. In ka gama, rufe takardar tukuna, sannan ka mayar da ita filash da sabon suna mai kwanan wata, misali adashi-12-03. Ta jiya ka bar ta a wurinta. In ta yau ta sami matsala, kana da madafa. Daga nan ka danna Eject, wato umarnin cire filash lafiya, ka jira kwamfuta ta ce an gama. In filash ɗin mai 'yar fitila ne, kada ka taɓa shi tana ƙyaftawa.

In a shago ka yi aikin, saura abu ɗaya. Kwafin da ka sauke yana nan a kwamfutar mutane, da sunaye da lambobin waya. Ka goge shi, ka zubar da kwandon shara kafin ka tashi daga kujerar.

Aikin gida: ka rubuta jimla 3 a sabuwar takarda, ka kai ta filash, ka dawo da ita kwamfuta, ka ƙara jimla 1, ka mayar da ita filash da sabon suna. Ka zo da filash ɗin aji, mu ga takardu 2 a ciki.